Tsayin Hawan Ƙasa da Tsaurin Gini: Nazari a Kan Benayen Kankare Masu Shaguna a Ƙasa

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola, aka kuma mayar da Jalingo babban birninta, fili ya yi daraja a tsakiyar gari, a unguwanni irin su Majidaɗi. Kamar yadda ya faru a Kano da Zariya, tsadar fili kan sa mai gini ya nufi sama: shaguna a ƙasa, ɗakunan kwana ko ofisoshi a bisa. Domin shago ya ɗauki kaya, akan ɗaga hawan ƙasa fiye da sauran, a kuma bar gabansa a buɗe. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana yadda wannan tsari ke raunana gini ta fuskar turi daga gefe, da kuma hanyoyin magance hakan.

2.0 Ƙarfi da Tsauri

Ya kamata a fara bambancewa tsakanin ƙarfi da tsauri. Ƙarfi shi ne yawan nauyin da ginshiƙi zai ɗauka kafin ya karye. Tsauri kuwa shi ne gwargwadon yadda yake ƙin tanƙwasuwa idan an ture shi. Alal misali, dogon karan dawa yakan lanƙwashe da ɗan turi kaɗan, amma idan aka yanke gaɓa biyu daga jikinsa, sai a tarar sun ƙage. Kara ɗaya ne, tsayi ne ya bambanta. Nauyin gini yana dannawa ƙasa ne, amma iskar farkon damina da motsin ƙasa daga gefe suke zuwa, kuma duk turin da suka yi wa hawan sama sai ya bi ta ginshiƙan hawan ƙasa kafin ya isa harsashi.

3.0 Yadda Tsayi Ke Cinye Tsauri

A lissafin injiniyoyi, tsaurin ginshiƙi yana raguwa ne daidai da tsayinsa idan an ninka shi cikin kansa sau uku. Idan aka ninka tsayi sau biyu, tsauri zai koma kashi ɗaya cikin takwas. Don haka idan hawan sama mita 3 ne, na ƙasa kuwa mita 4.5, ginshiƙi mai kauri ɗaya zai riƙe kusan kashi 30 cikin 100 kawai na tsaurinsa.

Bugu da ƙari, hawan sama cike yake da bangayen bulo da suka raba ɗakuna. Ko da yake ba a cika sa su cikin lissafi ba, suna tokare ginshiƙai. A ƙasa kuwa babu komai sai ƙofofin ƙarfe na shaguna. Sakamakon haka, saman gini yakan zama tamkar akwati a kan dogayen ƙafafu, duk karkacewar ta taru a hawa ɗaya. Da zarar ginshiƙi ya karkace, nauyin da ke kansa zai ƙara kwantar da shi, kankare ya farfashe a kai da gindi, rodi ya lanƙwashe. Ƙa'idar gine-gine ta Amurka tana ɗaukar hawa a matsayin mai laushi idan tsaurinsa bai kai kashi 70 cikin 100 na wanda ke bisansa ba.

4.0 Darasi Daga Wasu Ƙasashe

A girgizar ƙasa ta San Fernando a Kalifoniya, ranar 9 ga Fabrairu, 1971, sabon Asibitin Olive View ya lalace har aka rushe shi, domin bangayen kankaren da suka tsaurara hawan sama ba su sauko har ƙasa ba. Haka kuma a girgizar Gujarat ta Indiya, ranar 26 ga Janairu, 2001, benaye da dama a birnin Ahmadabad waɗanda aka bar ƙasansu a buɗe don ajiye motoci sun durƙushe, alhali birnin yana nesa da cibiyar girgizar da fiye da kilomita 200.

Nijeriya ba ta cikin yankunan manyan girgizar ƙasa, amma an ji motsinta a Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016, da Mpape ta Abuja a 2018. Haɗarin da ya fi kusa da mu shi ne ɗabi'ar ƙara hawa a kan ginin da ba a tsara shi don haka ba, da fasa bango don faɗaɗa shago.

5.0 Hanyoyin Gyara

Hanya ta farko ita ce ƙara kaurin ginshiƙi. Ginshiƙi mai kusurwa huɗu daidai, tsaurinsa na ƙaruwa da faɗinsa ninki huɗu cikin kansa. Magina sun saba yin inci 9, wato kusan milimita 230, don ya ɓuya cikin bulo. Idan aka kai shi milimita 315, zai mayar da tsaurin da tsayin mita 4.5 ya cinye. Ƙarin rodi kaɗai ba ya wadatarwa, domin ƙarfi yake ƙarawa fiye da tsauri. Ta biyu, a gina bangayen kankare masu rodi daga harsashi har rufi, musamman a kewayen matakala, a kuma rarraba su don kada gini ya murɗe. Ta uku, a matso da zobban rodi kusa da juna a kai da gindin ginshiƙi. Duk waɗannan aikin injiniya ne mai rajista da hukumar COREN, ba na ƙiyasin ido ba.

6.0 Kammalawa

Maginan gargajiya na ƙasar Hausa sun daɗe da sanin wannan hikima: bangon soro yakan yi kauri a gindi, ya riƙa sirancewa yayin da yake hawa. Benen zamani mai shaguna ya juya wannan tsari, ya sa rauni a inda kaya ya fi yawa. Ɗaga hawan ƙasa ba laifi ba ne, muddin an biya kuɗin tsayin da kauri da bango tun daga zane, domin iyalan da ke kwana a sama a kan waɗannan ginshiƙai suka dogara.