Shanyewar Hannu Bayan Haɗarin Babur: Hikimar Tiyata Da Hukuncin Lokaci

Duk wanda ya saba bin hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram, musamman a ranakun kasuwa da babura ke ɗaukar mutum uku har da buhun hatsi, da wuya ya rasa sanin wani saurayi da ya faɗi bisa kafaɗarsa, raunukansa duk suka warke, amma hannu guda ya zauna yana reto, yana cusa shi a aljihun riga, ba ya iya kai loma baki da shi, balle ya riƙe fartanya.

Asalin wannan lalura kuwa, a gefen wuya akwai saiwoyin jijiya guda 5 da ke fitowa daga laka, su sarƙe da juna, su bi ta hammata su rarrabu, kuma ta cikinsu ne umarnin ƙwaƙwalwa ke isa ga kafaɗa da gwiwar hannu da yatsu. Idan kai ya karkata gefe alhali kafaɗa ta danne ƙasa da ƙarfi, sai jijiyoyin su miƙe, ko su tsinke, ko ma su tumɓuke daga laka. Haka yakan sami jariri idan kafaɗarsa ta maƙale wajen haihuwa, lamarin da Wilhelm Erb na Jamus ya bayyana a 1874.

Abin da ya wajaba jama'a su fahimta shi ne cewa jijiyar da aka gyara ba ta tsiro fiye da kimanin milimita 1 a yini, ita kuwa tsokar da ta rasa jijiyarta, in ta kai wata 12 zuwa 18, takan ƙanƙance ta daina karɓar umarni har abada; saboda haka likitoci suka fi son yin aiki tsakanin wata 3 da wata 6 in ba a ga alamar farfaɗowa ba. Maɗori yana da nasa fagen a sha'anin karaya, amma wannan ciwo ba a ƙashi yake ba, kuma watannin da ake ɓatawa ana murza da shafe-shafe su ne ainihin jarin mai ciwon.

Ɗinkin jijiya ba baƙo ba ne a ilimin magabata, domin Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayaninsa cikin littafinsa Alƙanun. A yau, in jijiya ta tsinke ta bar giɓi, akan yanko wata daga sha-raɓar ƙafa a sada bakunan biyu a ƙarƙashin madubin likita. In kuwa saiwar ta tumɓuke, sai a aro lafiyayyar jijiya: Christophe Oberlin na Faransa ya nuna a 1994 yadda ake tsakuro wani sashe na jijiyar da ke zuwa ɗan ƙaramin yatsa a haɗa da tsokar damtse, gwiwar hannu ta koma lanƙwasawa, akan kuma aro daga tsakanin haƙarƙari, Gu Yudong na birnin Shanghai ma ya fara arowa daga ɓangaren wuya mai lafiya a 1986. Wanda ya makara, akan ɗauko masa tsoka daga cinya tare da hanyoyin jininta a dasa, hanyar da Kazuteru Doi na Japan ya inganta don dawo da damƙa, ko a sauya wa igiyoyin tsoka mazauni, ko a daskarar da wuyan hannu.

Bisa gaskiya, kafaɗa da gwiwar hannu sun fi yatsu saurin dawowa, saboda nisan tafiyar da ke gaban jijiyar, kuma ba a samun fa'ida sai da haƙurin gashin ƙashi na shekaru. Amma wanda ya iya kai hannu baki, ya tallabi buta, ya sami alheri mai yawa.

Don haka, iyaye da 'yan'uwa, in hannu ya ƙi motsi bayan haɗari ko haihuwa, a gaggauta zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka kafa a 1959, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a kuma tambayi likita ƙarara ko jijiya ce ta taɓu. Riƙo da sababi ba ya warware tawakkali, kuma a wannan ciwo babban sababi shi ne zuwa da wuri.