Hoton da ya ƙi saukowa a waya: Matsalar da ke damun 'yan kasuwarmu

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Gidan Rumji, ta ratsa Tibiri da Maradi, ta wuce Cadawa da Agye har Gazawa, zai lura cewa ciniki ya canja salo a 'yan shekarun nan. A da, mai sayar da atamfa ko shadda sai ta hau mota ta bi ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina, ko ta zarce Kantin Kwari a Kano, ta taɓa kaya da hannunta kafin ta biya. To amma tun da Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agustan 2019, aka kuma sake rufe su bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa watan Maris na 2024, jama'a da dama suka koyi saro kaya ta waya. An buɗe iyaka, amma ɗabi'ar ta zauna. Yanzu hoto ne ke yin gaba, kuɗi su bi shi, kaya su zo daga baya. Hatta mai aya a Agye da mai riɗi a Gazawa, hoton buhu suke fara turawa kafin a yi maganar farashi.

Wannan ne ya haifar da wani kuka da muke yawan ji. Hajiya ta ga zani mai kyau a wani shafin intanet, tana son ta nuna wa masu sayenta, ta ɗora yatsa a kan hoton domin ta sauke shi, shiru. Ko kuma ta ɗauki hoton fuskar wayar, ta duba ta ga baƙi ƙirin. Sai ta ɗauka wayar ce ta lalace, ta kai wa mai gyara, ta biya kuɗi, wani lokacin ma a wanke wayar gaba ɗaya lambobin masu bashinta su tafi, hoton kuma bai sauko ba.

Galibi ba wayar ba ce. Mai hoton ne ya kulle abinsa da gangan. Wasu shafuna ana saka masu umarnin da ke hana wayar amsa yatsan da aka danna a kan hoto. Wasu kuma sukan shimfiɗa wani fanko marar launi a saman hoton, kamar yadda mai tallar alawa ke rufe faranti da farar leda: ido yana gani, amma in aka kai hannu ledar ake taɓawa. Shi ya sa wani lokaci wayar za ta ce an sauke, a buɗe a tarar ba komai. A WhatsApp kuwa, tun 2021 akwai hanyar tura hoton da sau ɗaya ake kallonsa ya ɓace, kuma daga 2022 kamfanin ya hana ɗaukar hoton fuskar waya a kansa. A 2024 ya yi haka ga hoton da mutum ke sa wa a kan lambarsa. Telegram ma tun ƙarshen 2021 ya ba masu zaure damar hana sauke abin da suka saka ko tura shi gaba. Babu mai gyaran da zai canja wannan, domin kullen ba a cikin wayarki yake ba.

Sai dai akwai lokacin da laifin na wayar ne, kuma gane shi ba wuya. Ki gwada sauke wani hoton daga wani shafin daban. In ya sauko, wayarki lafiya lau take. In shi ma ya ƙi, to a duba ko wayar ta cika da bidiyon biki da wa'azi, ko ba a ba manhajar izinin ajiye hotuna ba, ko sabis ne ya yi rauni, abin da mutanen ƙauyukan Gangara da Cadakori suka sani sarai. Akwai kuma wani nau'in hoto mai suna WebP da kamfanin Google ya fito da shi a 2010, wanda shafuna da yawa ke amfani da shi saboda ba ya cin data. Yakan sauko, amma wasu tsofaffin wayoyi su kasa buɗe shi. Sabunta manhajar kallon hotuna yakan magance wannan.

Inda muke son a yi hattara shi ne wajen masu cewa suna da manhajar da ke buɗe kowane kulle. Yaro zai karɓi wayarki ya saka maki wani abu da ba ki san asalinsa ba, abin ya nemi izinin karanta saƙonninki da lambobinki, ki amsa masa. A cikin wayar nan kuwa saƙon aiken kuɗi ke shigowa, a ciki lambar sirrin WhatsApp mai alƙaluma 6 ke zuwa. Wanda ya samu lambar nan ya ƙwace asusunki, ya shiga roƙon kuɗi da sunanki wajen 'yan uwa da abokan ciniki. Hoton zani ɗaya bai kai wannan hasarar ba.

Ta fuskar doka, hoto dukiyar wanda ya ɗauka ne. Nijar tana da dokar kare haƙƙin mawallafa ta 23 ga Disambar 2010, da hukumar BNDA a Yamai mai kula da wannan haƙƙi, kuma tana cikin ƙungiyar OAPI da aka kafa da yarjejeniyar Bangui ta 1977. Mu faɗi gaskiya, da wuya wani kamfanin Turai ya biyo Hajiya har kasuwar Cadawa saboda hoto. Abin da ya fi kusa da ita shi ne zubewar amana. Kamfanin Vlisco na ƙasar Holan, wanda ke aiki a garin Helmond tun 1846, yana ɗaukar hoton atamfarsa a ƙarƙashin fitilu na musamman, kuma zanensa na cikin waɗanda aka fi kwaikwaya a masaƙun Asiya. A ce kin nuna hotonsa, uwar amarya ta zaɓa domin anko, ta tattara kuɗin turmi 20 daga ƙawaye, kaya suka iso aka ga zanen ɗaya ne amma launi ya dushe, yadin kuma ba nauyi. Ke ba ki yi niyyar cuta ba, amma wa zai saurare ki ana saura kwana uku biki? Ko ki mayar da kuɗi, ko ki rasa gidan da dangin gidan baki ɗaya.

Hanya mafi sauƙi ita ce tambaya. Dilan da kike saro kaya wajensa so yake ki sayar, saboda haka ki ce ya turo maki hoton ainihin abin da ke shagonsa, ya kuma yarda ki nuna. In zai turo, ya turo shi a matsayin takarda, domin WhatsApp yana matse hoton da aka tura kai tsaye har ƙananan zane su ɓace. Dilolin da ke amfani da WhatsApp Business, wanda ya fito a 2018 aka ƙara masa wurin jera kaya a 2019, suna iya ba ki adireshin jerin kayansu ki tura wa mai saye ya gani da kansa. Haka shafin da ya hana sauke hoto, yawanci bai hana tura adireshinsa ba.

Amma abin da ya fi duka shi ne ki jira kaya su iso ki ɗauki hotonki. Da hantsi, a inuwa, ba cikin tsakiyar rana ba, ba kuma ƙarƙashin jar rumfar leda da ke rina komai ba. Ki goge idon kyamarar da gefen mayafi, ƙurar kasuwa ce ke sa rabin hotunanmu hazo. Ki ɗauki zanin a shimfiɗe, sannan ki matso ki ɗauki bakinsa inda ake buga sunan masaƙa. Mai aya ko gyaɗa ya ɗebo daga tsakiyar buhu ya nuna a tafin hannu, ba na sama da aka tsince ba.

Daga nan kuma ke ce mai hoton, kuma ke ma za a iya yi maki. Kulle ba ya hana ɓarawo, tunda ko hoton kallo ɗaya ne, mutum zai ɗauko waya ta biyu ya ɗauki fuskar ta farko. Macuta sukan kwashi hotunan shagon wani su buɗe shafi a Facebook, su karɓi kafin alƙalami wajen mutane su kashe waya, waɗanda aka cuta kuma su nufo rumfar da suka gani a hoto. Don haka ki rubuta sunan shagonki da lambarki a kan kowane hoto kafin ki tura. A WhatsApp akwai alamar rubutu a sama. A sa rubutun ya ratsa tsakiyar kaya, domin na gefe yanke shi ake yi cikin daƙiƙa ɗaya. Na asalin marar rubutu ki ajiye shi, shi ne shaidarki in gardama ta taso.

In kuma ke ce mai saye daga wanda ba ki taɓa gani ba, ki saka hoton a Google Lens, zai nuna maki wasu wuraren da hoton ya bayyana. In kin gan shi a shaguna biyar na ƙasashe uku, kin san inda aka dosa. Ki nemi a kira ki ta bidiyo a ɗaga turmin a juya shi, ko a ɗora takarda mai sunanki da kwanan watan ranar a kan kayan a ɗauka. Wanda ke da kaya a hannu ba ya jin nauyin wannan. Idan an riga an yi maki, kada ki share hirar don haushi. Ki riƙe ta da rasiɗin aiken kuɗin da lambar da aka tura wa, ki kai wa 'yan sanda ko jandarmomi mafi kusa, domin dokar laifuffukan intanet ta watan Yulin 2019 ta tanadi hukunci kan zamba ta waya, kuma waɗannan shaidu ne za a fara tambayarki.