Barselona: Birnin da Aka Auna Kafin a Gina

Duk wanda Allah ya nufa da ziyarar Barselona, birnin nan na ƙasar Sifen da ke bakin Bahar Rum, abubuwa uku za a fara nuna masa: cocin Sagrada Familiya, da gidan ajiye zane-zanen Pikaso wanda aka buɗe a 1963, da rairayin bakin teku. To, amma abin da ya fi cancanta malamai da akawuna su lura da shi, shi ne titunan da za su bi kafin su isa can.

A da ganuwa ce ta kewaye birnin. Mutane suka cunkushe a ciki, kwalara tana yi musu ɓarna, sai a 1854 aka soma rushe ta. Aka sami wani injiniya, Ildefons Serda, wanda bai ɗauki alƙalamin zane ba sai da ya ƙididdige yadda lebura ke zama, da abin da yake samu, da abin da yake ci. Sa'an nan a 1859 ya fitar da tsarin sabuwar unguwa: tituna miƙaƙƙu masu faɗin mita 20, kowace kusurwa an daddatse ta don iska da haske su wadata, kuma an bar filin lambu a tsakiyar gidaje. Ashe kwaɗayin masu filaye na nan yana jira. Suka cike yawancin lambunan da gini, ga shi jikokinsu suna ta wahalar maido da su.

A cikin wannan unguwa cocin nan yake. An aza tubalinsa a 1882, Antoni Gaudi ya karɓi aikin a 1883, ya rasu a 1926 bai ga ƙarshensa ba, kuma shekara fiye da 140 ke nan magina ba su sauka ba. Bakin tekun kuwa, masana'antu da hanyar jirgin ƙasa ne suka tare shi, sai da aka zo shirin wasannin Olamfik na 1992 aka share, aka zuba rairayi.

Saboda haka, ya kai akawu, kada ka raina rajistar da ke gabanka. Gari mai kyau daga lissafin gaskiya yake farawa, kuma ba ya ɗorewa sai an sami masu tsare shi. Allah ya sa mu gane.