Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Maharban Jajimaji Da Madubin Hangen Nesa

Da zarar an kawar da amfanin gona, hunturu ya kunno kai, sai maharban Jajimaji su shiga kakkaɓe bindigoginsu. Garin, wanda shi ne hedkwatar Ƙaramar Hukumar Karasuwa ta Jihar Yobe, yana kan hanyar Nguru zuwa Gashuwa, kuma a kudu da shi akwai fadamun Haɗeja da Nguru, inda dinya da kirinjijiya ke kiwo, inda kuma tsuntsayen Turai kan sauka kowace shekara don gudun sanyin ƙasarsu. A zamanin nan da hoton kowace haja ke zuwa har cikin wayar hannu, ba abin mamaki ba ne saurayi maharbi ya ga madubin nan da ake ɗaurawa a bayan bindiga, ya ji ransa ya biya, ya ƙudura cewa in ya sayar da buhun gero ya saye shi, to, ya rabu da kuskure ke nan. Kafin buhun ya bar rumbu, akwai abubuwan da ya kamata ya sani.

Shi dai madubin hangen nesa ba sabon abu ba ne. Tun wajen shekaru dubu da suka wuce Ibnul Haisam ya rubuta Kitabul Manazir a Alkahira, ya bayyana cewa haske ne ke shiga ido, ba ido ne ke fitar da haske ba. A 1608 wani mai haɗa tabarau a ƙasar Holan, Hans Lipperhey, ya nemi a yi masa rajistar madubin da ke jawo nesa kusa. Wajen 1640 kuwa wani Ba'ingile, William Gascoigne, ya lura da zaren gizo-gizo da ya gitta cikin madubinsa, daga nan aka samo dabarar siraran layuka biyu masu gicciye da juna waɗanda ake auna abu da su. Wannan shi ne asalin madubin bindiga.

Tambaya ta farko ita ce: wace bindiga za a ɗora wa? An ƙera madubin ne domin bindigar da aka yi wa zane mai murɗewa a cikin bututunta, wadda ke jefa harsashi guda ya tafi yana juyawa har nisan ɗaruruwan mitoci. Adaka kuwa, wadda maƙeran gida ke ƙerawa ana ɗura mata albarushi ta baki, cikinta sumul yake, abin da aka ɗura mata watsuwa yake yi, kuma ƙarfinsa ba ya wuce 'yan gomiyoyin mitoci. Haka ita ma mai baki biyu. Wanda ya ɗaura wa irin waɗannan madubi zai ga dinya kamar ya miƙa hannu ya kamo ta, alhali kuwa harbinsa ba zai kai rabin hanya ba. Hangen Dala ba shiga birni ba.

Tambaya ta biyu ta shari'a ce. Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa makamai kashi uku. Akwai irin na yaƙi, waɗanda ba a riƙe su sai da iznin Shugaban Ƙasa. Akwai bindigogin farauta na zamani, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Sa'an nan akwai na gargajiya masu ɗuri ta baki, waɗanda al'amarinsu ke hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. A 2023 rundunar 'yan sanda ta ba da sanarwar dakatar da ba da sababbin lasisi. Saboda haka wajibi ne mutum ya fara zuwa ofishin 'yan sanda ya san matsayinsa kafin ya je kasuwa, balle a jihar da ta sha wahalar tashin hankali, inda ganin irin wannan madubi a jakar matafiyi ya isa ya jawo masa doguwar tambaya a shingen bincike.

Ga wanda ke da lasisi da bindigar da ta dace, zaɓen mai sauƙin kuɗi yana farawa ne daga lambobin da ke jikinsa. In an rubuta 4x32, watau yana kusanto da abu sau 4, faɗin gilashinsa na gaba kuma milimita 32 ne. In an rubuta 3-9x40, ana iya murɗa shi daga sau 3 zuwa sau 9. Mai ƙaramin ƙarfi ya fi dacewa ya ɗauki wanda ba ya murɗuwa, gama ƙarancin kayan ciki shi ne ƙarancin abin lalacewa. Kada manyan lambobi su ruɗe shi: gwargwadon yadda madubi ke ƙara girman abu, gwargwadon yadda yake rage haske, ya ƙuntata fili, ya kuma nuna rawar hannu. Ya duba kuma tazarar da ke tsakanin ido da gilashi. In ba ta kai wajen santimita 8 ba, ranar da bindiga ta yi tokari bakin madubin zai tsaga masa gira.

Wajen ɗaurawa, zobba biyu ne ke riƙe madubin, kuma nan ne masu tsumulmula kan yi hasara, domin zobe mai sako-sako yana ɓata madubi mai kyau, wanda aka matse fiye da kima kuwa yana lanƙwasa bututun. A daidaita layukan ciki su tsaya cak, a murɗa gilashin wajen ido har su fito sarai. Bayan haka sai gwaji a wurin da hukuma ta yarda, da tudun yashi a bayan abin bara. Akwai 'yan murfuna biyu, na sama da na gefe, waɗanda a galibin madubai kowane ƙas ɗaya ke matsar da harbi rubu'in inci a nisan yadi 100. Madubin da aka saita yau, gobe ya kauce ba tare da ya faɗi ba, a mayar wa mai shi. Arha ba ta ado.

Amma ga mafi yawan mutanen Jajimaji, madubin da zai biya kuɗinsa shi ne na hannu mai ido biyu. Ba ya bukatar bindiga, kuma aikinsa ya fi yawa. Makiyayi zai nemi saniyar da ta ɓace, manomin shinkafa zai hango garken jan-baki tun yana tasowa daga cikin kacalla, masu duban jinjirin wata su ma su amfana bayan faɗuwar rana. Mai lamba 8x42 ko 7x50 ya isa. A raba lamba ta biyu da ta farko: in abin da ya fito ya kai 5, madubin zai yi gani da asuba da almuru. A guji mai jan gilashi ƙyal-ƙyal, a kuma guji wanda ke nuna abu biyu-biyu, don ciwon kai zai haifar. Wajen saiti, a rufe idon dama a murɗa ƙarfen tsakiya har na hagu ya gani sarai, sa'an nan a rufe na hagu a gyara zoben da ke gilashin dama. Shi ke nan.

Har ila yau akwai dalilin da ya fi waɗannan nauyi. Fadama ba kango ba ce. Akwai masunta cikin kwalekwale, da yara masu kiwo, da mata masu yankan ciyawa. Maharbin da ya ga motsi cikin kacalla ya ɗaga madubin bindiga don ya tantance, ya riga ya auna mutum da makami tun bai san ko wane ne ba. Ƙa'idar maharba a ko'ina ita ce a duba da madubin hannu tukuna.

Kulawa kuwa iri ɗaya ce ga duka biyun. Ƙurar hunturu ta wannan yanki yashi ce mai laushi, wanda ya goge ta da bakin riga ko gefen rawani ya kankare gilashinsa da hannunsa. A fara hure ta, a share da buroshi mai taushi, sa'an nan a goge da tsumma mai tsabta wanda ba a yin kome da shi sai wannan. Kada man bindiga ko kananzir ya taɓa gilashi. Kada a bar shi cikin zafin rana, kada kuma a kuskura a dubi rana da shi, gama makanta ce nan take. Da damina a ajiye shi wuri busasshe tare da 'yan ƙullin nan masu tsotse laima da ake samu cikin kwalin sabon takalmi, don kada fumfuna ta kama gilashin. Kada a kai wa mai gyaran rediyo ya kwance, domin masu kyau an cika su da iskar naitirojin aka liƙe, in ta fita raɓa za ta shiga.

Mutanen wannan yanki sun daɗe da sanin madubin hannu. Tun 1987 da aka kafa shirin kare fadamun Haɗeja da Nguru suke ganin ma'aikata na ƙidayar tsuntsaye da shi. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya ziyarci tafkin Dagona da ke ƙasar Bade, wanda yanzu yana cikin gandun dajin ƙasa na Tafkin Chadi da aka kafa a 1991, inda doka ta hana farauta. A 2000 kuma aka sanya tafkin Nguru cikin jerin fadamu masu muhimmanci na duniya. Maharbin da ya san kwanan kowane tsuntsu, in ya riƙe madubin hannu, ya isa ya zama ɗan jagora ga masu bincike da baƙi. Buhun geronsa kuwa, gara ya tafi kan abin da zai yi masa aiki rani da damina, da ya tafi kan ƙarfen da zai ƙare a rataye jikin bango.