MAJIGIN GIDA YA ƘI KAMAWA? KADA KU YI SAURIN BINNE SHI

A wani hutun Disamba yaran maƙwabta suka cika tsakar gidanmu a Kakuri, ko wanne da 'yar tabarmarsa. Muka rataya farin zane a bango, muka kunna majigi. Hoto ya fito, yara suka yi sowa. Ba a yi minti 10 ba sai injin ya ɗauke ɗif, wata 'yar jar fitila tana ƙyaftawa a bayansa. Muka sake kunnawa, ya sake mutuwa. Yara suka watse jiki a sanyaye, mu kuwa muka kwana da tunanin kuɗin da muka yi watanni muna tarawa.

Kashegari har mun fara batun 'yan jari-bola, sai maƙwabcinmu, wani dattijo da ya yi aikin lantarki a masaƙa, ya leƙo. Ya ce, "Malam, yaushe rabonka da share masa hanci?" Muka ce, "Baba, majigi kuma yana da hanci?" Ya juya injin, ya zare wani ɗan murfi a gefe, ya ciro soso wanda ƙura ta mai da shi kamar fatar tunkiya. Ya kakkaɓe, ya mayar. Daren nan aka kalli fim har ƙarshe, ko kwabo ba mu kashe ba.

Majigi ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Tun bayan da Turawan mulki suka kafa sashen shirya finafinai a 1939, motocin majigi suka riƙa zaga garuruwan Arewa, har iyayenmu suna ba da labarin Baban Larai mai koyar da noman auduga. Amma a zamanin can ko wace mota da ma'aikacinta wanda aka horar. Yau injin ya ƙanƙance ya shigo ɗakunanmu, ma'aikacin bai biyo shi ba. Watau aikin ya dawo kanmu.

A FARA DAGA BANGO

In majigi bai nuna alamar rai ba ko kaɗan, kada ku ɗauki sukudireba tukuna. Ku gwada soket ɗin da fanka ko rediyo. Ku sāke wayar wuta da wata, gama irinta ɗaya ce da ta yawancin kwamfutocin tebur. Filogi mai ƙafa uku yana da fis a ciki. In ya ƙone a sa mai lamba daidai da tasa. Masu naɗa masa wayar tagulla ko takardar sigari gobara suke gayyata.

Ku duba murfin ƙwan fitila kuma. Akwai ɗan makunni a ƙarƙashinsa wanda ke hana injin tashi muddin murfin bai zauna daidai ba. Sukuru ɗaya da ya kwance ya isa ya sa a ce majigi ya mutu.

In kuwa ya kama, ya nuna sunan kamfaninsa ko shuɗin fili amma fim bai fito ba, to, injin lafiya lau yake. Laifin na waya ne ko na zaɓi. Ku danna maɓallin zaɓen hanya har ya faɗa kan ramin da kuka cusa waya, HDMI ko VGA. Wayar VGA in tsinkenta ɗaya ya lanƙwashe ta kan juya hoton duka ya koma rawaya ko ja.

ƘURA DA ZAFI

Nan ne babbar cutar majigi a Kaduna. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana cusa ƙura ko'ina, sa'an nan Maris da Afrilu su zo da zafi. Yawancin injunan nan an ƙera su ne domin zafin da bai wuce digiri 35 zuwa 40 ba. Fanka ce ke jawo iska ta cikin soso ta sanyaya ƙwai. Soso ya toshe, zafi ya hau, sai injin ya kashe kansa don kada ya ƙone. Ashe abin da muka ɗauka mutuwa ce, kāre kai ne.

Maganin ba wuya. A cire filogi, a zare soson, a kakkaɓe shi ko a share da buroshi mai laushi. Mu yanzu duk mako biyu muke yi a lokacin hunturu. Waɗansu injuna ba su da soso, sai ragar iska. Ita ma a share ta. Kada a ɗora majigi a kan katifa ko kujera mai laushi, a kuma bar masa fili kamar kamu guda daga bango. Ku kasa kunne: in ba ku ji ƙarar fanka ba, ku kashe nan da nan. Gilashin gaba kuwa ba a goge shi da bakin riga, domin ƙurar hunturu tana karce shi. A hure tukuna, sa'an nan a bi da ƙyallen goge tabarau.

ƘWAN FITILA

Ƙwan da yawancin majigai ke amfani da shi kamfanin Philips ne ya fito da irinsa a 1995. Akwai zaiba a cikinsa, kuma sa'ad da yake ci matsin da ke ciki ya kan kai ninki 200 na iskar da muke shaƙa. Ya kan yi awa 2,000 zuwa 5,000, injin da kansa yana ƙirga awoyin. Hoto ya dushe ko yana rawa, ku duba lissafin nan. Masu fitilar LED su kan kai awa 20,000, amma tasu ba ta canzuwa a gida.

Mai canza ƙwai ya cire filogi, ya jira awa guda ya huce. Kada yatsa ya taɓa gilashinsa, gama maiƙon hannu yana rage masa kwana. A sayo mai lamba daidai, a kuma mai da ƙirgen awoyi sifiri. In ƙwai ya fashe, a fitar da yara, a buɗe tagogi kamar rabin awa, a kwashe gutsattsarin da safar hannu.

Ku lura, bayan an kashe majigi fankarsa ta kan ci gaba da juyawa minti ɗaya ko biyu. Fizge filogi a lokacin nan, ko ɗauke wuta farat ɗaya, yana gajarta ran ƙwai. Wutarmu ta volt 230 ce, amma ta ƙaramin janareta hawa da sauka take yi. Sitabilaiza da UPS sun fi sabon ƙwai araha in an yi lissafin shekara.

INDA HANNUNMU YA TSAYA

Hausawa sun ce garin gyaran gira a kan rasa ido. A cikin akwatin akwai kafasita masu riƙe wuta ko bayan an cire filogi, na'urar da ke tā da ƙwai kuma tana harba dubban volt. Saboda haka in kun ji ƙaurin ƙuna, ko sabon fis ya sake ƙonewa, ku tsaya. Haka nan in fararen ɗige-ɗige kamar taurari suka fara yawaita a hoto. Injin DLP, wanda aka ƙago a Amurka a 1987, yana aiki ne da dubban ɗaruruwan ƙananan madubai; ɗigon nan madubi ne da ya maƙale, gogewa ba ta raba shi.

A nan sai a nemi mai gyara, ko a Kakuri da Sabon Tasha, ko a ƙetare gada zuwa Babbar Kasuwa. Ku faɗa masa abin da kuka riga kuka gwada, ku yi ciniki kafin ya kwance, ku karɓi tsohon kayan da ya cire. In kuɗin gyara ya doshi na wani injin, ku yi shawara da uwargida tukuna.

Mu dai majiginmu yana nan da ransa. Aikin share soso mun danƙa wa babbar 'yarmu, ta kuwa ɗinka masa riga da guntun atamfa. Kafin hunturu mai zuwa ya sauka, jama'a, ku juya naku ku duba hancinsa.