Yadda Aka Kwance Igiya Daga Hancin Beyar

Dukanmu mun san karin maganar nan da ake cewa, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da yawa daga cikinmu mun taɓa tsayawa a bakin kasuwa muna kallon mai wasa da kura, yana jan ta da sarƙa, bakinta da takunkumi. Mun yi dariya, har mun jefa ɗan kwabo. Amma ba safai muka tsaya muka tambayi kanmu yadda aka yi naman jeji ya koma abin wasa ba. A wannan wata za mu ba ku labarin wani wasa irin wannan da aka daɗe ana yi a ƙasar Indiya, da kuma dabarar da aka bi har aka kawo ƙarshensa.

Dabbar da ake wasan da ita sunanta beyar. Babu ita a dazuzzukanmu, amma mun san sunan daga labarin Dawuda, wanda ya kashe zaki da beyar sa'ad da yake kiwon tumakin mahaifinsa. Irin da ake wasa da shi a Indiya baƙi ne, mai buzu-buzun gashi, da dogon baki, da farin zane a ƙirji. Babban namiji yakan wuce kilo 100. Duk da girman nan, yawancin abincinsa gara ce da tururuwa, sai 'ya'yan itace da zuma. Yakan fasa shuri da dogayen faratansa, ya sa baki ya zuƙe garar. Macen kuwa goyon 'ya'yanta take yi a baya, kamar yadda iyayenmu mata suke yi.

Akwai wata jama'a a Indiya da ake kira Kalandar. Sun yi kimanin shekara 400 suna sana'ar gidansu ta sa beyar rawa. A dā a fadar sarakuna suke yi. Da zamani ya juya, sai suka koma ƙauyuka da bakin hanya, musamman hanyoyin da ke kewayen birnin Agra, inda baƙi suke zuwa kallon mashahurin ginin nan Taj Mahal.

To, ashe abin da ake kira rawa ba rawa ba ne. Mafarauta sukan sato ɗan beyar tun yana shan mama, sau da yawa kuwa sai sun kashe uwar, gama ba za ta bar ɗanta da arha ba. Sa'an nan a sa ƙarfe a wuta har ya yi ja, a huda saman hancin ɗan, a zura igiya mai kaushi a ciki. A kakkarya masa fiƙoƙi domin kada ya yi cizo. Daga ranar nan, duk sa'ad da maigidansa ya ja igiyar sama, dole beyar ya miƙe a kan ƙafafun baya, yana tsalle don ya rage zafi. Masu kallo suna tafi, shi kuwa azaba yake sha.

A shekarar 1972 gwamnatin Indiya ta kafa dokar kare namun jeji, wadda ta hana kama beyar. Amma aka yi shekara 30 wasan bai daina ba. Me ya sa? Dalili biyu ne. Na fari, in hukuma ta ƙwace beyar, babu inda za ta kai shi. Ba shi yiwuwa a mai da shi jeji, gama ba shi da haƙora, bai koyi neman abinci wurin uwarsa ba, kuma ya riga ya saba da mutane. Na biyu, mai beyar talaka ne ƙwarai. Yawancinsu ba su yi makaranta ba, ba su da gona, ba su da wata sana'a. In ka ƙwace masa beyar yau, iyalinsa za su kwana da yunwa, gobe kuma zai ci bashi ya sayi wani ɗan. Watau kowane beyar da aka ƙwace, wata uwa ce za a kashe a jeji.

Wasu 'yan ƙasar su biyu, Geeta Seshamani da Kartick Satyanarayan, su ne suka gane wannan. A shekarar 1995 suka kafa ƙungiya mai suna Wildlife SOS. Ba su fara da zagi ko kai ƙara ba. Sai suka shiga ƙauyukan Kalandar, suka zauna da mutanen, suka ji kukansu. Binciken da suka yi ya nuna akwai beyar fiye da 1,000 a hannun masu wasa.

Da haɗin kan hukumar gandun daji, da taimakon wasu ƙungiyoyi daga Ingila da Ostareliya, aka gina mafaka kusa da Agra. Aka ce wa masu beyar, duk wanda ya kawo nasa da kansa, ya kuma sa hannu a takarda cewa ba zai ƙara wasa da naman jeji ba, za a ba shi jari na rupi 50,000. Wasu suka buɗe kanti, wasu suka sayi keken ɗaukar fasinja. Aka koya wa matan ɗinki da sauran sana'o'in hannu, aka sa yara a makaranta. Wasu mazan ma aka ɗauke su aiki a mafakar, gama wa ya fi su sanin halin beyar?

A jajiberen Kirsimeti na shekarar 2002 aka karɓi ta fari, wata mace mai suna Rani. A watan Disamba na 2009 aka kawo wani namiji mai suna Raju a wata mafakar kusa da Bangalor, shi ne aka sanar na ƙarshe da ke rawa a titunan Indiya. Cikin shekara bakwai an ceto fiye da 600.

In aka kawo sabon beyar, likitan dabbobi yakan sa shi barci, ya yanke igiyar, ya wanke gyambon hancin, ya duba rubabbun haƙora. Wasu sukan zo makafi, wasu da tarin fuka. Akan keɓe shi na kwana 90 kafin a haɗa shi da 'yan'uwansa. Bayan haka a sake shi cikin fili mai itatuwa da ruwa. Ana ba su kunu mai kauri da zuma, da kankana. Masu kula da su sukan ɓoye zuma cikin kututture, domin dabbar ta koyi shinshina da tono kamar yadda aka halicce ta. Ramin hancin dai yana nan har mutuwa, amma babu mai ƙara jansa.

Aikin bai ƙare da Raju ba. Beyar yakan kai shekara 30 a mafaka, kullum kuwa sai an ciyar da shi. Dole kuma aka ci gaba da tsaron masu satar 'ya'yan, har a shekarar 2017 aka ceto wasu manyan beyar biyu a maƙwabciyar ƙasa Nepal.

Iyaye, abin da muka ɗauka cikin labarin nan shi ne, igiyar nan mutum biyu ta ɗaure, wanda take hancinsa da wanda take hannunsa. Doka kaɗai ta kasa kwance ta, sai da aka ji tausayin su duka biyu. Nan gaba in muka bi ta kasuwa da yaranmu muka ga kura da takunkumi, kada mu koya musu yi wa dabbar dariya, kada kuma mu koya musu raina mai ita. Bari mu gaya musu labarin Rani da Raju, mu tambaye su: me kuran nan take ji, me kuma mutumin nan zai ci in babu ita?