Ƙauraye a Birnin Dikko: Wa Ke Sayen Wayar Sata?

Kano na kiransu 'yan daba, Bauchi 'yan sara-suka, Gombe 'yan kalare. Mu a Katsina ƙauraye muke ce musu, kuma duk wanda dare ya taɓa riska a lungu da waya a hannu ya san fargabar da wannan suna ke jefawa a zuci.

Tun da Gwamna Dikko Umar Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a watan Oktoban 2023, hankali ya karkata ga 'yan bindigar Jibiya, Batsari da Safana. Hakan daidai ne. Sai dai yaron da ke zare wuƙa a cikin birni ba daga daji ya fito ba. A gabanmu ya girma.

Ana yawan ɗora laifin a kan talauci, alhali matalauta nawa ne ke tura baro a Babbar Kasuwa ba su taɓa ɗaukar allurar wani ba? In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai mai sayar masa da ƙwaya. Akwai ɗan siyasar da ya riƙe shi lokacin zaɓe, ya watsar da shi bayan rantsuwa, amma da zarar an kama shi sai ya aiko a yi beli. Sannan akwai mai shagon da ke karɓar wayar dubu ɗari a kan dubu ashirin, bai tambayi rasit ba.

Wannan na ƙarshe shi ya fi sauƙin kamawa: shagonsa ba ya gudu, mai unguwa ya san shi, kuma doka ta hukunta karɓar kayan sata. Sau nawa muka ga an gurfanar da shi a kotu tare da yaron?